Ƙeyar Mahaifiyata

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, aka kwaso mu da kabad-kabad da tulin fayil a bayan babbar mota, aka zube a Gusau. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin filaye, aikina kwafe taswirar fuloti. A ba ni wadda masu safiyo suka zana, in ɗora takarda mai shara-shara a kai, in bi layi. Ɗaki ɗaya na samu a Damba, a gidan haya mai ɗakuna shida, kowa da harkar gabansa. Ba ni da mata, abokaina kuma duk sun yi zamansu a Sakkwato. In an tashi aiki sai in rasa inda zan sa kaina. Akwai majalisa a ƙofar gidanmu, amma ni mutum ne mai baki, ba na iya jin an faɗi shirme in haɗiye. Sau biyu na zauna da su, sau biyun da faɗa aka watse, daga nan sai dai in yi musu sallama in wuce.

To, sai na koma wa zane, wanda na bari tun ina makaranta. Takardun da aka ɓata a ofis nake tsincewa kafin masinja ya kai su bola, in yanka su huɗu, in ɗinke da zaren buhu, shi ke nan na sami littafi. Bayan la'asar in rataya jakata in nufi tasha, in sami gefen bencin mai shayi in zauna. Na zana masu faci sun duƙa kan taya, na zana 'yan dako suna jifa da buhunan dawa cikin mota, na zana matan Fulani da ƙoren furarsu, har da wani jaki da ya ƙi tsallake layin dogo ana ta jibgarsa. Ran Asabar in hau mota zuwa Bungudu in zauna bakin gulbi wurin masu wanki da masu saran rake. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda nake nuna wa. Abin da na sani shi ne in fensir na hannuna yamma tana saurin wucewa.

Ban rasa masu yi mini wa'azi ba. Wani dattijo a tasha ya tsaya a kaina ya daɗe yana leƙe, sannan ya tuna mini cewa gobe ƙiyama za a ce in busa wa waɗannan mutanen rai. Na ce masa na ji, Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma don Allah Malam ya ɗan matsa, yana tare mini haske. Ya tafi yana girgiza kai, mai shayi kuwa ya yi dariya har ya ƙware.

Abu ɗaya nake taƙama da shi a lokacin, wato ido. In na kalli mutum sau ɗaya, ko a mota muka haɗu, in na koma ɗaki zan fitar da fuskarsa har da lanƙwasar hularsa. Ina jin kaina sosai da wannan, har ranar da wata abokiyar aikina ta sauke mini girman kai ba tare da ta sani ba.

Ita ce mai buga mana tafireta, Kirista ce daga kudancin Kaduna, uwar 'ya'ya huɗu, kuma Hausarta ta fi ta wasunmu. Ita kaɗai ce a ofishin ba ta tsoron bakina. Ran nan na bar littafin a kan tebur na fita salla, na dawo na tarar tana buɗawa shafi bayan shafi. Ta gane mai shayi, ta gane masinjanmu, ta yi dariyar jakin. Can sai ta tsaya, ta koma baya, ta sake dawowa gaba. Ta ce akwai wata mata da ta cika littafin, ga ta a bakin turmi, ga ta a bakin rijiya, ga ta a gaban murhu, amma ko'ina ta juya baya.

"Malam, wannan matar ba ta da fuska ne?"

Na fizge littafina na ce mata mahaifiyata ce, kuma tafireta aka ɗauke ta bugawa, ba binciken jakar mutane ba. Ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ta koma kujerarta. Amma maganar ta riga ta shiga. Da na koma Damba ko riga ban cire ba, na zauna bakin katifa na ce bari in zana fuskar in huta. Na ja layin goshi, na tsaya. Na yi hanci, sai ya fito na kakata. Na yi idanu, sai suka fito na ƙanwata. Na ɓata takarda ta kai goma kafin magariba. Ni da ke zana ɗan dakon da na gani sau ɗaya, ashe ban san fuskar matar da ta haife ni ba. Wallahi tsoro ne ya fara kama ni kafin baƙin ciki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ni ɗan fari ne. A gidajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Wasu matan sukan sassauta in yaro ya girma, tawa kuwa irin ta dā ce, ba ta rage ko ƙwayar gero ba. 'Yar Bungudu ce aka kai ta aure Bilbis ta ƙasar Tsafe. Da aka yaye ni sai aka kai ni wurin mahaifiyarta a Bungudu, kuma ban dawo ba. Kakata nake kira Inna. Ita mahaifiyata Yaya nake ce mata, don haka na ji ƙannenta suna kiranta. Inna ce ta goya ni, ita ta yi mini tsarki, ita ke kama haɓata ta leƙa idona ta ce na yi ƙarya. Muddin tana raye ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Sai ga shi Inna ta rasu ana saura 'yan watanni a dawo da mu Gusau, mahaifina kuma ya daɗe da rasuwa. Na duba duk duniya, ba sauran wanda zai kalli fuskata ya ce na rame.

Duk ƙarshen wata nakan je Bilbis. In hau mota a Gusau, mu wuce dutsen Kwatarkwashi, in sauka Tsafe in nemi ta cikin ƙauye. Tun daga zaure nake ɗaga murya da sallama, kamar yadda ya kamata, kafin in shigo tsakar gida ta riga ta juya. In durƙusa daga bayanta in gaishe ta, ta amsa wa turmi. Ƙanwata, wadda ke aure a maƙwabta, katanga ɗaya tsakaninsu, ita ce tafintarmu. Sai ka ji Yaya ta ce, a tambayi mutumen Gusau ko ya ci abinci. Ƙanwata ta juyo ta tambaye ni, alhali tsakanina da mai tambayar bai fi taki uku ba. In ce na ci. Yaya ta ce a hwaɗa mashi ƙarya shikai. In zan tafi a miƙo mini ƙunshin hoce, wato gasasshiyar wainar dawa, da ƙuli, da zafinsa, ta hannun ƙanwata. Ban taɓa shakkar tana sona ba, hocen nan tun asuba take tashi ta gasa shi. Amma daga ranar da mai tafireta ta yi tambayarta, hoce ya daina isata.

Na fara dabara. In ja tabarmata zuwa gefen da zan hango ta, sai ta gyara zama ta ɗauki faifai ta koma wancan ɓangaren, kamar dama can take son zama. In ce zan duba akuya in zagaya, kafin in iso ta sunkuya tana hura wuta, gyale ya rufo. Har laɓewa na yi bayan rumbu, ƙato da ni, ma'aikacin gwamnati, ina leƙen uwata. Ƙanwata ta gan ni ta tuntsire da dariya, shi ke nan asiri ya tonu. Abin da na samu a wata huɗu shi ne kunne ɗaya, da gefen kunci, da wutsiyar tsagen da ke fuskarta. Na zana su, na koma Damba ina kallonsu kamar wanda aka ba ƙafar kaza aka ce ya faɗi launin gashinta.

Zuciya ba ta da ƙashi, tawa kuwa dama a kusa take. Farkon damina na je, na tarar da mata uku na maƙwabta suna taya ta gyaran irin gyaɗa. Na yi gaisuwa, ta amsa wa ƙwarya. Tana hira da su, tana kallon kowace, har da wata baƙuwa da ranar ta fara ganinta. Wannan baƙuwar ce ta tunzura ni. Na ce a raina, wannan da ba ta haɗa komai da ita ba ta sami abin da ni na rasa shekara talatin. Ban san lokacin da na miƙe na zagaya na tsaya a gabanta ba.

"Yaya, don girman Allah ki dube ni sau ɗaya. Ni ba ɗanki ba ne?"

Ɗaya daga cikin matan ta kama baki, wata tsohuwa ta ce to, boko ya yi rana. Yaya ba ta ɗago ba. Ta aje ƙwaryar a hankali, ta ja gyalenta har haɓa, ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Ƙanwata ta biyo ni zaure tana haki, ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta ce na tsiraita tsohuwa gaban mutane, gobe duk Bilbis za a ji cewa ɗanta na fari ya tsare ta yana neman ta zubar da kunyarta. Ta ce kai ɗai ne ɗan fari a duniya? Na ce mata in kunya ce ta fi ni a wurinta, to ta riƙe kunyar, ni na bar musu gidan. Na fita ko hocen ban karɓa ba, na taka da ƙafa har bakin hanya ina ta magana ni kaɗai.

Na cika alkawarin banzan da na yi. Damina ta wuce ban je ba, kaka ta zo ta wuce, aka sake wata daminar. Saƙo nakan ba direba ya kai, amma ƙafata ba ta taka Bilbis ba. Ban taɓa zama cikin kaɗaici irin na wannan shekarar ba. Ranar Salla duk 'yan gidan hayarmu suka watse garuruwansu, na rage ni da wata kyanwa. Na sa sabuwar riga na je idi, na dawo ba wanda zan ce wa barka da Salla. Na ɗauki jakata na tafi tasha, na tarar ba kowa sai benci a kife, na zauna na zana bencin. Bungudu ma na daina zuwa, don ba na son bi ta ƙofar gidan Inna. Littafi bayan littafi na cika da fuskokin mutanen da ban san su ba. Wani lokaci in ji ina son in je, har in kai tasha, sai in tuna labulen nan da aka saki a fuskata, in juyo. Na ce ita ce babba, ita za ta aiko.

Aiken ya zo bayan kaka ta biyu, amma ba irin wanda nake jira ba. Wani mai sayen hatsi ɗan Bilbis ya neme ni har ofis, ya ce ƙanwata ta ce in zo, Yaya ba ta gani. Ashe idon ya daɗe yana raguwa tana ɓoyewa, tana cewa hayaƙi ne. Sai da ta zuba gari a ƙasa tana zaton tukunya ce aka gane. An kai ta wurin masu duba ido, suka ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar ce ta mutu, ba abin da za a yi. Mutumin yana magana ina lissafi a raina. Shekarar da na yi ina fushi, ita ce shekarar ƙarshe da take da ido. Ko da za ta saci kallona daga baya, ko ta ramin labule, na hana ta. Na ji kunyar kaina har na kasa kallon mutumin, na bar shi tsaye na shiga bayan kabad.

Washegari da hantsi na isa. Ƙanwata na tarar a zaure za ta shiga da tulu, ta buɗe baki za ta yi magana na ɗora yatsa a leɓena. Na roƙe ta da raɗa kada ta ce na zo. Ta harare ni, ta ce har yanzu ban bar halina ba, amma ta wuce gaba. Na cire takalmi na riƙe a hannu, na shiga gidan uwata ba sallama, abin da ban taɓa yi ba, kuma na san ba daidai ba ne.

Tana zaune a tabarma ta jingina da bangon ɗakinta, rana na dukanta, ƙwarya a cinya tana ɓarar gyaɗa da lalube. Gyalen ya zame zuwa kafaɗa. Na ɗauki 'yar kujerar tsugunno na aje nesa kaɗan da ita, na zauna, na kalli fuskar mahaifiyata. Ƙarama ce, ta fi yadda nake zato ƙanƙanta. Tana da wushirya. Akwai tabo a girarta ta hagu wanda ban san labarinsa ba. Tsagen da na san wutsiyarsa ya taso tun daga gefen baki. Bakin kuwa nawa ne sak, har yadda leɓen ƙasa ke turowa in za a faɗi baƙar magana. Idanun a buɗe suke, garau, ba wanda zai ce ba sa gani.

Kuma ashe mai ban dariya ce. Tana ba ƙanwata labarin zakaran maƙwabta da ya gane ba ta gani, yake zuwa ya ci gyaɗa a cikin ƙwaryarta, ta ce ta bar shi ya yi ƙiba ne, ranar da ta cafke wuyansa mai shi sai dai ya zo ya sha romo. Ta yi dariya, wushiryar ta fito. Shekara talatin da ɗoriya ban taɓa jin wannan dariyar daga gaba ba. Na zaro littafi na fara ja. Na yi goshi, na yi girar da tabonta, na sauko kan hanci. Ƙanwata tana ta jan ta da hira, tana satar kallona, idonta ya cika.

Tari ne ya tona ni. Tun damina nake fama da shi, na danne, na danne, ya ƙwace. Hannun Yaya ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Ba ta tambayi ko wane ne ba. Ta lalubo gyalenta ta ja, ta juya a hankali har sai da ta fuskanci bango. Matar da ba ta ganin rana, ta juya mini baya. Na zauna da rabin fuska a kan takarda. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, amma wannan karon bakina bai buɗe ba.

Sannan Yaya ta ce wa bango, a hwaɗa ma mutumen Gusau tarin ga ba na wasa ba ne, shi nemi magani. Ƙanwata ta juyo ta faɗa mini. Na ce a ce mata na ji, kuma a ce mata ta yafe mini abin da na yi. Ƙanwata ta faɗa. Yaya ta ci gaba da murza ɓawon gyaɗa ɗaya a hannunta har ya zama gari. Can ta ce ta ji ƙarar abin rubutu tun ɗazu, ta zaci ɓera ne.

"Ya ƙare abin da shikai?"

Ƙanwata ta leƙo takardar ta ce a'a, saura baki da haɓa. Na ga kafaɗar Yaya ta ɗaga ta sauka.

"To, ai ni ban gani," in ji ta. "Wanda bai gani, bai dubi kowa ba."

Ta saki gyalen, ta juyo, ta ɗaga haɓa ta tsayar da fuskarta inda take zaton nake. Ta kuskure. Tarin ya ruɗe ta, ko bangon ne ya mayar mata da sautin, sai ta fuskanci rumbun da ke hagu da ni, ta kafe shi da ido, ta natsu, tana jira. Ƙanwata ta buɗe baki za ta gyara mata, na girgiza mata kai. Na ɗaga kujerar a hankali don kada ta ji, na matsa taki ɗaya zuwa inda idanunta suka sauka, na zauna a wurin.